Gwamna: Kalmar da ta Taso daga Jirgin Ruwa, ta Ratsa Faransa, ta Zama Sunan Ɗan Bahaushe

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, idan aka ce "gwamna", sai an dubi mai maganar da inda yake tsaye kafin a gane wanda yake nufi. Ɗan siyasa a teburin mai shayi yana nufin mutumin da ke Gidan Gwamnati a Gusau. Tsohuwa a tsakar gida jikanta take kira, wanda sunansa na yanka ya ɓace tun yana rarrafe. Makaniken da ya kwance injin niƙa ko janareta kuwa wani ɗan ƙarfe yake nufi, wanda ke hana injin gudun wuce sa'a.

Kalmar ba ta cikin kalmomin mulkin da Zamfarawa suka gada. Kakanninmu sarki suka sani, da hakimi da dagaci da mai unguwa. Malamai suka ƙaro waziri da alƙali da wali daga Larabci. Gwamna baƙuwa ce, kuma kusan kowa ya ɗauka 'yar Ingila ce. Daga bakin Turawan Ingila muka karɓe ta, wannan gaskiya ne, amma su ma aro suka yi a wurin Faransawa. Faransawan kuma gado suka ci daga Rumawa, Rumawa suka ɗauko daga bakin masu jiragen ruwa na ƙasar Girka.

Sana'a ce kafin ta zama sarauta

A tsohon harshen Girka, mutumin da ke zama a bayan jirgi yana juya shi, shi ake kira "kubernetes". Ba shi ne mai jirgin ba, ba kuma lalle ne ya fi kowa dukiya ko asali ba. Abin da ya mallaka shi ne sanin ruwa: ya karanci iska da taurari, ya san inda dutse ya ɓuya, ya san ranar da ba a fita. Masanin falsafa Aflatun ya yi amfani da shi wajen bayanin mulki, inda ya kwatanta gari da jirgin da ma'aikatansa ke kokawa a kan wanda zai riƙe tuƙi, alhali babu wanda ya koyi aikin a cikinsu.

Rumawa suka ari kalmar, harshensu ya mayar da ita "gubernator". A Latin ma matuƙin jirgi take nufi da farko, sannan marubuta irin su Sisaro suka riƙa ɗora ta a kan mai jan ragamar ƙasa. Da Latin ya rarrabu ya haifi Faransanci da Sifaniyanci da Italiyanci, sai ta zama "governeor" a tsohon Faransanci, yau kuma "gouverneur". Har gobe Faransawa na kiran katakon da ake juya jirgi da shi "gouvernail", daga wannan saiwa.

Yaƙi ne ya ƙetarar da ita Ingila. A ranar 14 ga Oktoba, 1066, Wiliyam na Nomandi, daga arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na kusan shekara 300, Ingilishi ya koma harshen talakawa. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi. Kafin lokacin, dubban kalmomin Faransanci sun riga sun zauna daram a bakin mutanen Ingila, musamman na mulki da soja da kotu. "Governor" na cikinsu.

Saiwar ba ta tsaya nan ba. A 1788 James Watt ya ɗora wa injinsa mai aiki da tururi wata na'ura mai daidaita gudu, aka kira ta da wannan suna, kuma jikanyarta ce makanikanmu ke gyarawa a cikin injin niƙa. A 1948 masanin lissafi Norbert Wiener na Amurka ya koma ga asalin kalmar ta Girka ya raɗa wa sabon ilimin sarrafa na'urori suna. Daga nan aka samo "saiba" da ake ji a maganar laifuffukan intanet. Wato gwamna da ɗan damfarar intanet kaka ɗaya suka haɗa a wajen suna.

Yadda ta sauka a Arewa

Hausawan da suka fara zama ƙarƙashin mai wannan muƙami su ne na bakin teku: fatake, da sojojin da John Glover ya ɗiba a Legas tun 1863. Amma shigarta ƙasar Hausa sosai sai bayan 1900, da Turawa suka kafa mulkinsu a Arewa, suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Mutane suka riƙa cewa "Gwamna Lugga", ko da yake daga 1900 zuwa 1906 muƙamin Lugard a takarda Babban Kwamishina ne. Wanda ya fara amsa sunan Gwamnan Arewa a hukumance shi ne magajinsa, Sir Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa da aka fara shimfiɗa layin Baro zuwa Kano a zamaninsa. Haifaffen Montreal ne a Kanada, daga zuriyar Faransawa. Kalmar Faransawa ce, kuma jinin Faransawa ne ya fara sa ta a Arewa.

Bakin Bahaushe bai karɓe ta yadda ta zo ba, sai da ya sassaƙe ta. Babu sautin "v" a Hausa, don haka ya koma "m" a gaban "n". Wannan ya zo wa mutanen yamma daidai, su da ke cewa "zamna" da "ƙamna" a inda Bakano ke cewa "zauna" da "ƙauna". Ƙarshen kalmar ya buɗe ya zama "a", kamar yadda aka yi wa direba da lauya da minista. A Sakkwato da Zamfara da Nijar ana yawan jin "gomna" da "gomnati". Sannan Hausa ta yi mata jam'i irin nata: gwamnoni, gwamnatoci. Kalmar da ta samu jam'i a harshe ta gama zama 'yar gida.

Ga mutumin Anka, gwamnan farko labari ne daga nesa. Garin ne mazaunin Sarkin Zamfara, gidan sarautar da ya baro Birnin Zamfara bayan Gobirawa sun ci shi a ƙarni na 18. A zamanin Turawa, Anka da Gummi da Bukkuyum gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Talaka hakimi yake gani, hakimi ya ga Di'o, Di'o ya ga Razdan, Razdan ne ke ganin gwamna. Sannu a hankali kujerar ta yi ta matsowa. Daga Zungeru ta koma Kaduna a 1917, inda Sir Kashim Ibrahim ya zama ɗan ƙasa na farko da ya hau ta a 1962. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma, gwamna ya tare a Sakkwato, Usman Faruk ya fara. A ranar 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Zamfara, kujerar ta iso Gusau, Kanar Jibril Bala Yakubu ya zama kantoman farko.

Ƙofa ta biyu: Nijar

Kalmar ta shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 sun raba Hausawa gida biyu, na arewa suka faɗa hannun Faransa. Su kai tsaye suka ji ta daga bakin masu ita, ba tare da ɗan aike ba. Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922, hedikwata a Damagaram, kafin a mayar da ita Yamai a 1926.

A can ne kalmar ta yi wata rayuwa mai ban mamaki. Wajen 1925, a yankin Filinge, wani sabon salon bori ya ɓulla wanda ake kira Hauka, Hausawan yankin kuma suna ce masa Babule. Iskokin da masu yinsa ke cewa suna hawansu ba irin na da ba ne, muƙaman Faransawa suke ɗauke da su: akwai Gomno, akwai Kafaral Gardi, akwai Lokotoro, wato likita. Masu borin kan yi fareti, su sara wa juna, su yi ta ba da umarni da tsawa. Kumandan ɗin Yamai, Horace Croccichia, ya kama su ya kulle. Maimakon abin ya mutu, sai shi kansa ya shiga jerin iskokin da sunan Kumandan Mugu. 'Yan ci-rani suka kai al'adar har Ankara ta ƙasar Gana, inda Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauke ta a fim ɗin da ya fito a 1955. Abin da wannan ke nunawa shi ne yadda talakan wancan zamani ya fahimci gwamna: ƙarfi ne da ke sauko wa mutum daga sama, ba a tambayarsa, ba a ja da shi.

Har yau akwai bambanci tsakanin gwamnan Maraɗi da na Zamfara. Na Nijar naɗa shi ake yi daga Yamai, na Najeriya zaɓensa ake yi. Kuma ta waccan ƙofa wasu kalmomin suka biyo fatake da 'yan ci-rani zuwa kasuwanninmu: jandarma, duwan, sefa, lakwal. Wadda ta fi ba 'yan Najeriya dariya ita ce "mushe", yadda ɗan Nijar ke kiran malamin makarantar boko. Ba ta da alaƙa da dabbar da ta mutu ba yanka. Daga "monsieur" take, asalinta kuwa "ubangidana". Abokiyar tafiyarta ita ce "madam", wato "uwargijiyata", wadda ta iso mu ta hannun Ingila.

Daga kalma zuwa suna

A gidan Musulmin Bahaushe, ba a raɗa wa jariri Gwamna ranar suna. Sunan yanka na annabawa ne da sahabbai da bayin Allah na gari. Amma sunan yanka sau da yawa ajiye shi ake yi, a yi ta kiran mutum da laƙabi har ya tsufa. Akwai laƙabin rana, irin su Ɗanjuma da Ɗanladi da Balarabe da Asabe. Akwai na yanayin haihuwa: Ɗan'azumi, Anaruwa, Tanko da ya biyo mata, Gambo da ya biyo tagwaye. Akwai kuma na alkunya, inda uwa ba ta iya faɗin sunan ɗan fari ko na surukinta da aka mayar wa yaro, dole ta nemo wani.

Ta waɗannan kafofi Gwamna ya shiga. Yaron da aka haifa ranar da gwamna ya zo rangadi zai iya tashi da sunan. Wanda ya ci sunan wani gwamna, sai a sakaya a kira shi da muƙamin takwaransa. Wani kuma halinsa ne ya jawo masa: ɗan lelen kaka, mai son a yi masa hidima yana zaune. Wani fata ne kawai na iyaye, tunda Hausawa sun ce suna linzami ne. Ba sabon abu aka ƙirƙiro ba. Tun kafin Turawa ana kiran yara Sarki da Yarima da Magaji da Ciroma da Marafa ba tare da an naɗa musu rawani ba. Gwamna ya tarar da layi ne ya shiga.

Makarantar boko ce ta daskarar da shi. Da malami ya tambayi sunan uba, yaro ya faɗi wanda ya saba ji a gida, aka rubuta a rajista, shi ke nan laƙabi ya zama sunan zuriya, ya bi takardar jarrabawa da katin zaɓe da fasfo. Haka muka samu mutane irin su Jamilu Isyaku Gwamna, ɗan siyasar Gombe da ya taɓa shugabantar kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano. Sunan ya ma tsallake iyakar Hausawa. Sarkin Kagoro a kudancin Kaduna, Gwamna Awan, an haife shi a 1915, ya hau sarauta a 1945, ya rasu a 2008 bayan shekara 63 a kan karaga. Ya ga gwamnonin Turawa da na soja da na farar hula sun zo sun wuce, shi kuwa Gwamnansa ba shi da wa'adi.

Ba kalmar gwamna kaɗai ta yi wannan tafiya ba. Tela daga kalmar Faransanci mai nufin "mai yanka" take, kuma ta zama suna, kamar na Sanata Baba Tela da ya yi mataimakin gwamnan Bauchi daga 2019 zuwa 2023. Soja asalinta "wanda ake biya", daga sunan wani kuɗin Rumawa. Saje "mai hidima" ne. Laftanar kuwa, idan aka warware ta, mai riƙon ƙwarya ce sak: mai riƙe wa wani wuri. Kotu da joji da fursuna da kafinta da masinja duk ta Faransa suka bi kafin Ingila. Ƙasar Gummi ta san wasunsu da kyau. Sarkinta, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, ya bar kujerar babban jojin Abuja a 2013 ya karɓi rawani. Dakta Ahmad, ɗan Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ya kai muƙamin kaftin a sashen likitocin soja. Har 'yan bindigar daji ba su bar waɗannan kalmomi ba: Buharin Daji, da aka kashe a 2018, Janar yaransa ke ce masa.

Idan aka auna ta a yammacin Zamfara

Kowace al'umma daga abin da ta sani take ɗauko sunan mai mulki. Larabawa sun ɗauko siyasa daga kula da doki, ra'iyya kuma daga kiwo. Bahaushe ya ce shugaba, mai shiga gaba, ya ce jagora, mai jan gorar makaho. Girkawa mutanen teku ne, suka ce matuƙi. Abin da ya bambanta matuƙi da sauran shi ne jirgi ɗaya ya kwaso shi da fasinjansa. Idan ya yi ganganci, ba daga gaɓa zai tsaya yana kallo ba.

Mazaɓar Sanatan Zamfara ta Yamma ƙananan hukumomi shida ce, kuma ita ta fi ko'ina jin ɗumin kujerar gwamna. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi 1999 zuwa 2007. Abdul'aziz Yari na Talata Mafara ya yi 2011 zuwa 2019. Bello Matawalle na Maradun ya hau a 2019 bayan Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC, ya sauka a 2023. Shekara 20 ke nan cikin 24. Sauran ukun, Anka da Gummi da Bukkuyum, kujerar ba ta faɗo wa ɗan siyasarsu ba tukuna, sai dai ta mataimaki, kamar yadda Mukhtar Ahmad Anka ya riƙe ta a zamanin Mahmud Aliyu Shinkafi.

Su ne kuma suka sha wasu daga cikin manyan masifun da jihar ta gani. A watan Maris na 2010, ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ita ma a Faransa aka kafa ta a 1971, ta gano yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gubar dalma ce. Ana kawo duwatsun zinariya cikin gidaje, a daka, a niƙa da injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannun yara. Kimanin yara 400 suka rasu a garuruwa irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bagega, wadda ta fi su yawan jama'a, sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan matasa sun yi ta matsa wa Abuja lamba ta saki kuɗin da ta yi alkawari. A farkon Janairun 2022, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi biyu. Mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnatin jiha ta ce 58. A Gummi kuwa maganar jirgi ba misali ba ce. Ranar Asabar 14 ga Satumba, 2024, kwalekwalen da ya ɗauko manoma zuwa gonakinsu na ƙetaren gulbi ya kife, gomman mutane suka halaka, makonni kaɗan bayan ambaliya ta raba dubbai da gidajensu a garin.

Adalci ne a faɗi cewa ba dukan tuƙin ke hannun gwamna ba. Tsarin mulkin 1999 ya kafa ofishinsa a sashe na 176, amma sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar, sashe na 215 kuma ya ba kwamishinan 'yan sanda damar miƙa umarnin gwamna ga Abuja kafin ya aiwatar. Soja na tarayya ne. Ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasar Bagega na tarayya ne, shi ya sa Abuja ce ta hana haƙar su a Zamfara a Afrilun 2019, ita ce kuma ta ɗage hanin a Disambar 2024. Gwamnonin jihar, na da da na yanzu, sun sha kokawa cewa ana kiransu shugabannin tsaro alhali ba su da ikon tura ko da kofur ɗaya. Wannan giɓi ne Gwamna Dauda Lawal ya nemi cikewa da ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024, kuma shi ne tushen muhawarar 'yan sandan jihohi da ake ta yi.

Amma abin da ya rage a hannunsa ba kaɗan ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa masa amanar filayen jihar. Asibitocin jiha da makarantu da hanyoyin karkara nasa ne. Shi ke tsara kasafin kuɗi, shi ke naɗa kwamishinoni, shi ke miƙa wa sarakuna sanda. Gwajin dalma a jinin yaran Anka, gada ko jirgi mai inji da rigunan ruwa a mashigar Gummi, hanyar da manomin Bukkuyum zai fitar da hatsinsa, malamin da zai zauna a ajin ƙauye saboda albashinsa na zuwa kan lokaci, babu ɗaya a cikinsu da ke jiran izinin Sufeto Janar.

A bakin yawancinmu yau, gwamna na nufin jiniya da jerin gwanon motoci da 'yan rakiya, kuma wannan ma'anar ce uwa ke hange idan ta kira ɗanta da sunan. Ma'ana ce da muka gada daga zamanin Lugga da Kumandan Mugu, lokacin da mai mulki ba ya bin talaka bashin bayani. Tsohuwar ma'anar ta fi ta amfani ga mai ƙuri'a, domin tambayoyin da take haifarwa masu sauƙi ne: ya san hanyar, ya ƙirga mutanen da ya ɗauka, ya kai su gaci? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duk wanda zai zo neman ƙuri'ar Anka da Gummi da Bukkuyum a 2027 aikin matuƙi yake nema, kuma mutanen da suka binne yaran Dareta da manoman Gummi suna da haƙƙin su tambaye shi inda ya koyi tuƙi.